Kafar Allura Ba Ta Ƙanƙance Ba, Idonmu Ne Ya Manyanta

Jawabin kwamitin walwala a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Zuru

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa, da iyayen gidajenmu da suka daure suka rako mu yau, sannunku da zuwa.

Minti 15 aka ba kwamitin walwala. Ba za mu cinye su wajen lissafo sunaye da ta'aziyyar da muka je bana ba, duk suna cikin rahoto. Maganar ido muka zo da ita.

Kuna tune da ranar rabon adashe a daminar da ta wuce, da littafi ya ƙi dacewa da kuɗin akwati? Naira 5,000 ta yi ɓatan dabo. Aka fara kallon-kallo, wasu har da ƙus-ƙus. 'Yar'uwarmu mai riƙe da littafin, wadda ta yi shekaru ko kwabo bai taɓa salwanta a hannunta ba, ta koma gida tana kuka. Da dare 'yarta ta ɗauki littafin, ta ce, "Mama, ai wannan 3,000 ce, ba 8,000 ba." Kuɗi bai ɓata ba, ido ne ya haɗa 3 da 8. Ita da kanta ta ce mu ba da labarin nan, don ta san ba ita kaɗai ba ce.

To mu tambayi kanmu. Mu nawa ne sai mun kira jika ya zura mana zare a allura? Mu nawa muke miƙa waya can nesa kamar za mu ba wani, kafin mu ga lambar mai kira? Akwai wadda maigida ya tauna tsakuwa a shinkafa ya ce ta zama malalaciya, alhali ta tsince iya ganinta. Akwai masu dinki biyu a cikinmu da suka rufe keke suka ce baya ne ke ciwo. Wata ta rage karatun Alƙur'ani bayan asuba, wata a zumuntar mata sai dai ta bi waƙa da ka, ta riƙe littafin don kada a gane.

Wannan abu ba sammu ba ne, ba baki ba ne, ba ma cuta ba ce. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan madubi garai-garai. Lokacin ƙuruciya yana da taushi: in za a duba abu na kusa sai ya dunƙule, in za a hangi nesa sai ya baje. Yana ta ƙara tauri a hankali, har wajen shekara 40 zuwa 45 ya kasa dunƙulewa yadda ake so. Shi ya sa za ki hango mai tahowa daga bakin kasuwa ki faɗi sunanta, amma rubutun kwalin magani ya gagare ki. Abin yana ƙaruwa har wajen shekara 60 ko 65, daga nan ya tsaya. Furfura ce ta ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa mutum biliyan 1.8 ke da shi, kuma fiye da miliyan 800 ba su da gilashin da zai gyara musu.

Gilashin karatu, shi ne maganin. Mun san abin da ke hana mu. Wata ta ce na 'yan boko ne, ita da ba ta karatu me za ta yi da shi? To allura boko ce? Tsintar wake boko ce? Cire wa yaro ƙaya a ƙafa fa? Wata kuma tsoronta a ce ta tsufa, musamman in da abokiyar zama a gida. Yaya, runtse idon nan da kike yi kina ɗaga waya sama ya fi gilashi tona asirin shekaru.

Babbar maganar da muke ji ita ce wai in ka fara sa shi ido zai mutu. Ba haka ba ne. Taurin madubin nan yana ci gaba ko da gilashi ko babu. Abin da ke faruwa, wadda ta saba gani tangaran, in ta cire sai ta lura da hazon da dā ta haƙura da shi. Kuma gilashin yana da lamba. 'Yar shekara 40 da 'yan kai yawanci +1.00 ke yi mata, 'yar 50 wajen +2.00, 'yar 60 wajen +2.50. Don haka bayan 'yan shekaru za a canza, ba don ya ɓata ido ba. Kada ki ari na maigida, kada kuma ki yi yawo da shi a hanya, na aikin kusa ne, nesa zai yi miki dishi-dishi.

Mu 'yan ƙungiya ne, bari mu yi maganar kuɗi. A jihar Assam ta Indiya an yi gwaji da masu tsinkar ganyen shayi, galibinsu mata, aka buga sakamakon a 2018. Waɗanda aka ba gilashi sun fi sauran tsinka da kusan kashi 22 cikin 100. A Bangaladash, wani binciken da ya fito a 2024 ya nuna kuɗin shigar masu sana'ar hannu da aka ba gilashi ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ku auna wannan da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane a ɗaki, ga bashin ƙungiya a kansa.

Sai maganin gida, don mun san za a tambaya. Zogale, alayyafo, manja, karas, gwanda, mangwaro, hanta da ƙwai suna da amfani ga ido, suna kare yara daga dundumi. Mu ci, mu ba yara. Amma ko kwando guda na zogale kika cinye, madubin da ya yi tauri ba zai koma ɗanye ba. Juya ido sama da ƙasa da ake nunawa a waya shi ma haka. Abin da ke taimakawa nan take shi ne haske: a fito da ɗinki da tsinta tsakar gida da rana, a sa fitila mai kyau da dare, a ce wa yara su ƙara girman rubutun waya. Mai ciwon suga da hawan jini ta riƙe maganinta, domin su biyun suna cin ido a ɓoye.

Abin da muke roƙo da babbar murya: kada a ɗiga komai a ido sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta. Ba ruwan albasa, ba nonon uwa, ba fitsari, ba ruwan ganye. Wani kwallin ma akwai dalma a cikinsa. Maganin ɗigawa da ake saya a kemis don jan ido, wani irinsa in aka daɗe ana sawa yana jawo hawan jinin ido. Masu yawo gari-gari suna soka ƙarfe su ture yanar ido kuwa, mutane da yawa a Arewa sun rasa ganinsu a hannunsu. Gaskiya ne a Amurka an amince da wani maganin ɗigawa na ganin kusa a 2021, amma awoyi kaɗan yake aiki, kullum sai an sake, yakan kuma sa ciwon kai. Gilashi ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

To me zai hana kowa ta sayi gilashi a kasuwa ta huta? Ga mai ganin nesa lafiya, na kasuwa yakan yi aiki. Amma shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne shekarun da hawan jinin ido ke shigowa, shi kuwa ba ya ciwo, ba ya sallama, abin da ya ci ba ya dawowa. Awo ne kawai ke kama shi. Don haka a fara zuwa Babban Asibitin Zuru a ce ido aka zo aunawa. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Birnin Kebbi, akwai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wadda kuma ganinta ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, wannan ba ta jiran ranar kasuwa.

Ga shawarar da kwamiti ya kawo gaban uwar ƙungiya. Asusun walwala ya ɗauki kuɗin awo da gilashi na duk mambar da ta kai 40, ta biya kaɗan-kaɗan tare da zubinta. Mu tafi rukuni-rukuni, mutum 10, don kada kunya ko kuɗin mota ya hana wata. Iyayen gida, in kun ba da izini ku ma ku biyo mu, mun ga yadda kuke riƙe takardar taron nan.

A bayan zaure mun ajiye tebur da allura da zare da littafin suna. Kafin a raba abinci kowa ta je ta gwada. Wadda ta zura, Allah ya ƙara lafiya. Wadda ta yi sau uku bai shiga ba, ta faɗi sunanta a rubuta.