ƘAFAR MOTA DAGA ƘETARE: TSAKANIN FARASHIN SAYE DA FARASHIN ISOWA



Abin da za a tattauna a yau ƙaramin abu ne a ido, watau ƙafar mota, wadda ta ƙunshi taya da kuma wilin ƙarfen da ake ɗaura ta a kai. Amma duk ƙanƙantarta, ita ce kaɗai ɓangaren mota da ke taɓa ƙasa, kuma a kanta ran direba da na fasinja suke. Har wa yau, wanda ya bi sawun taya guda tun daga masana'antarta har zuwa rumfar mai faci a Kano ko Katsina, zai fahimci yadda cinikin ƙasa da ƙasa yake tafiya fiye da wanda ya haddace shi a littafi. Jigon maganar ɗaya ne: farashin da mai sayarwa ya faɗa a ƙasar waje somin-taɓi ne kawai. Farashin gaskiya shi ne abin da kaya suka ci a ranar da suka iso hannun mai su.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa ake sayen taya daga ƙetare. A farkon shekarun 1960 aka kafa manyan masana'antun taya biyu a Nijeriya, ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja, suna sarrafa robar da ake nomawa a yankunan da a yau ake kira jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Sun yi aiki fiye da shekara 40. Daga baya ƙarancin wutar lantarki ya tsananta musu, sa'an nan gwamnati ta rage kuɗin fiton tayoyin manyan motoci daga kashi 40 cikin 100 zuwa kashi 10, tayar waje ta shigo da araha. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008. Daga nan aka koma fitar da ɗanyar roba, ana sayo taya daga Sin ko Indiya ko Tailan. Wannan ya nuna cewa kuɗin fito ya wuce hanyar tara wa gwamnati kuɗi, domin lamba guda da aka canja a jadawalin kwastan tana iya raya masana'anta, tana kuma iya kashe ta.

To, yaya ake lissafin abin da mai saye zai biya? Kwastan ba su dogara a kan kuɗin kaya kaɗai ba. Sukan haɗa abu uku: kuɗin kaya, da kuɗin jirgin da ya ɗauko su, da kuɗin inshora. A kan wannan jimla ake yanka kuɗin fito. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da jadawali guda mai hawa biyar, watau kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100, kuma kowane irin kaya yana da lambarsa a ciki.

Alal misali, a ƙaddara wani ma'aikaci ya ga wili huɗu a wata kasuwar intanet a kan dala 400, kuɗin ɗauko su dala 250, inshora kuwa dala 10. Jimla ta zama dala 660. A ƙaddara kuma kayan sun faɗa hawan kashi 20, kuɗin fito ya kama dala 132. Bisa tsarin da aka yi aiki da shi a 2024, akan ƙara kashi 7 cikin 100 na kuɗin fiton, watau kimanin dala 9, da kashi 1 na ainihin kuɗin kaya domin duba kaya, dala 4, da rabin kashi 1 na ECOWAS, kimanin dala 3. Daga ƙarshe harajin VAT, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020, ya hau kan dukkan waɗannan, ya kama kimanin dala 61. Kayan dala 400 sun koma kusan dala 870, alhali kuwa ba su ko fita daga tashar jirgi ba. Abin lura a nan shi ne ana biyan haraji har a kan kuɗin jirgi, sa'an nan a biya haraji a kan haraji. Ƙafar mota kuwa kaya ne mai nauyi da cin wuri, saboda haka wanda ya sayo huɗu rak yakan biya kuɗin sufuri da ya fi na ɗan kasuwar da ya ciko kwantena nesa ba kusa ba.

Waɗannan ƙa'idoji ba a zaune suke ba. Dokar Hukumar Kwastan ta 2023 ta tanadi karɓar kashi 4 cikin 100 na ainihin kuɗin kaya, kuma an sha taƙaddama a kan aiwatar da shi a 2025. Don haka wajibi ne mai saye ya nemi jadawalin ranar da zai yi ciniki.

Abu na biyu shi ne canjin kuɗi. Da dala ake saye, amma da naira ake biyan kwastan, bisa farashin canji na hukuma. A Yunin 2023, lokacin da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ɗan kasuwar da ya yi odar kaya kafin wannan canji, kayan suka iso bayansa, ya tarar kuɗin fitonsa ya ninka ba tare da an taɓa jadawalin kwastan ba.

Abu na uku shi ne takardu da lokaci. Mai shigo da kaya domin sayarwa yana buƙatar takardar Form M ta hannun bankinsa, da shaidar ingancin kaya ta SONCAP daga hukumar kula da ingancin kayayyaki, da rahoton ƙiyasin kwastan da ake kira PAAR. In ɗaya ta yi jinkiri, kwantena ta kwanta a Apapa ko Tin Can, kullum kuɗin ajiya yana hauhawa. Bayan haka ga ladan wakilin da zai fito da kaya, ga kuɗin mota na tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Kano. Domin rage wannan wahala ne aka buɗe tashar kan tudu ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, inda za a iya gama hulɗa da kwastan a kusa da gida.

Ganin wannan tulin kuɗi ne yake tura wasu zuwa ɓarauniyar hanya. Shekaru da yawa akan sauke kaya a Kwatano da sunan za su wuce Nijar, su bi ta Gaya zuwa Maraɗi, daga nan a tsallako da su Nijeriya ta ƙananan hanyoyin daji. Fasa-ƙwauri irin wannan yana cikin dalilan da gwamnati ta bayar da ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020. Cikin kayan da suka riƙa bin wannan hanya akwai tayoyin gwanjo, waɗanda doka ta hana shigo da su, in ban da wasu manyan tayoyi da ake sabunta wa tafi.

Hanin kuwa yana da dalili. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba. Daɗin daɗawa, 'yan fasa-ƙwauri sukan cusa taya uku ko huɗu cikin guda domin su rage wuri, wayoyin da ke cikinta su lanƙwashe ko su karye, ba tare da an ga alama a waje ba. Wasu kuma an yi su ne domin ƙasashen ƙanƙara. Irin wannan taya, in ta hau kwaltar Kano zuwa Maiduguri a tsakar ranar bazara, da lodi da gudu, fashewarta ba ta da sallama. Kuɗin da aka kauce wa biya a bakin iyaka, sai a biya shi a asibiti, wani lokaci ma a maƙabarta. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Amma mai saye yana da abin kare kansa, domin kowace taya tana ɗauke da shaidarta a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Rubutu irin 195/65 R15 yana faɗin faɗin taya da milimita, da tsayin gefenta, da girman wilin da za ta hau da inci. Shi ma wili yana da awonsa. Mai rami biyar da aka yi wa motocin Jamus a kan awon milimita 112 ba zai zauna daidai a kan Toyota mai awon 114.3 ba, ko da yake ido ba zai raba su ba. Wanda ya yi kuskuren awo a kasuwar garinsu yana iya mayarwa a canja masa. Wanda ya yi shi a ƙetare kuwa, kuɗin mayarwa kan kusan kai kuɗin kayan, kuma karɓo kuɗin fiton da aka riga aka biya ba ƙaramin aiki ba ne.

Saboda haka, ga mai mota guda, sau da yawa saye daga amintaccen dila na gida ya fi sauƙi, sai fa in an rasa irin abin da ake nema. In kuwa ya zama dole, to, a yi lissafi tun daga farko har ƙarshe kafin a biya ko kwabo. Ga ma'aikatan da ke riƙe da sayayyar gwamnati, bai kamata a amince da takardar farashi ba sai ta bayyana wanda zai ɗauki nauyin jirgi da inshora da fito, da kuma shekarar da aka yi tayar. Ga ɗalibai, waɗanda gobe wasunsu ne za su zauna kan teburin tsara jadawalin haraji, labarin Fatakwal da Ikeja ya isa darasi. In an tsawwala kuɗin fito, an ba ɗan fasa-ƙwauri kasuwa. In an sassauta fiye da kima ba tare da an gyara wuta da hanya ba, an rufe ƙofar masana'anta. Gano matsakaici tsakanin waɗannan biyu shi ne aikin da ke jiransu.