CIWON ƘARO A GINDIN LEMO
Jawabin malamin gona ga masu lambu na ƙasar Daura

Masu lambu a Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure sun san amfanin lemon zaƙi da lemon tsami. Itacen lemo yakan yi shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya. Idan ya mutu, wahalar waɗannan shekaru ta tafi a banza.

YADDA CUTA KE SHIGA

Akwai ciwon da ke kashe lemo daga gindi. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana zaune a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta. Idan ruwa ya kwanta a gindin itace, sai ta yi iyo har ta kai ga saiwa da ɓawo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saran fartanya, cizon akuya da cin gara su ne tsagar da ke buɗe mata hanya. Ciwon ya fi yawa a fadama, inda ruwa ke daɗewa, musamman cikin watan Agusta. Ƙasar jigawa takan tsotse ruwa da wuri.

Alamarsa ita ce ƙaro da ke tsiyayowa daga gindi. Ɓawo ya yi duhu, ya tsage, ya bushe. Ganye ya koma rawaya. Ta cikin ɓawo abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Saboda haka, idan ruɓewar ta zagaye gindi, saiwa za ta mutu da yunwa, itacen ya bi ta.

YADDA ITACE KE KARE KANSA

Allah ya ba lemo garkuwa. Ta farko ita ce ɓawo. Ta biyu kuma, idan cuta ta shiga, itacen yakan haɗa wani magani mai dafi a wurin domin ya tsayar da ita. Sannan yakan gina sabon ɓawo a bakin raunin ya rufe shi. Amma ba duk iri ne ƙarfinsu ɗaya ba. Lemon zaƙi ba ya jure ciwon sosai. Shi ya sa ake yi masa aure a kan gindin irin da ya fi juriya.

TAIMAKON MANOMI

1. A sayi dashe mai aure daga wurin da aka amince da shi. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda, Jihar Kano.
2. Wurin auren ya zauna sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya. Kada a binne shi.
3. A yi kunya kewaye da gindi, ruwan jigo ko na inji ya tsaya daga wajenta.
4. Kada a tara taki jikin itace. A cire ciyawar gindi da hannu.
5. Idan ƙaro ya fito, a kankare ruɓaɓɓen ɓawo da wuƙa mai tsabta, a shafa magani mai sinadarin tagulla. Malaman gona na KTARDA za su nuna irinsa.

Jama'a, kowa ya duba gindin lemonsa sau ɗaya a mako. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka.