Gajiyar Ma'aikaci Ba Ta Jin Taron Bita



Na daɗe ina jayayya da abokaina na sashen kula da ma'aikata. Da zarar an ce ma'aikata sun gaji, hawan jini ya yi yawa, sai a kama ɗakin taro a otal, a kawo mai horarwa ya koya wa mutane jan numfashi da tsara lokaci, a raba lemo da jaka, a watse. Ranar Litinin kowa ya koma ya tarar da teburinsa yadda ya bar shi. A ganina zubar da kuɗi ne, kuma ga hujjata. 

A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya a Landan, maza kusan 18,000, a binciken da ake kira Whitehall. Ana zaton manya masu yanke shawara ne ciwon zuciya zai fi kashewa. Sai aka ga akasin haka. Masinjoji da masu tsaron ƙofa, su da ke can ƙasa, yawan mutuwarsu ya kai ninki uku na manyan jami'ai. Abin kuma bai tsaya tsakanin sama da ƙasa ba: kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Ku lura, dukkansu albashinsu na zuwa kan kari, kuma suna ganin likita kyauta. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani sashe ne kawai na wannan bambanci. A 1985 Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu, da ma'aikata sama da 10,000, maza da mata, kuma abin da ya fito fili shi ne rashin ta-cewa. Wanda ake jibga wa aiki, ba shi da bakin magana kan yadda zai yi shi ko yaushe, shi ne zuciyarsa ke biyan kuɗin.

To, ku dubi namu. Fayil ya kwana mako uku a teburin oga, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya sa hannu ya ce wa akawu yana son aikin kafin Litinin. Ma'aikaciyar jinya ta gama aikin dare, tana ɗaura mayafi za ta tafi gida, a ce mata an canza jadawali, wadda za ta karɓe ta ba za ta zo ba. Sha ɗaya na dare saƙon WhatsApp ya shigo, kuma an ga ka karanta. Wane jan numfashi ne zai warkar da wannan?

Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako.

Za a ce mu mutane ne masu haƙuri da tawakkali, ba irin Turawa ba. Haƙurin na ƙasa bai wanke zaluncin na sama ba. Za a ce babu kuɗi. Nawa ake kashewa wajen fitar da jadawali da wuri?

Abin da nake nema tsoho ne, na sha faɗarsa. A fitar da jadawalin aiki wata guda kafin lokaci, kada a taɓa shi sai da yardar mai shi. A daina sayen hutun shekara da alawus, kowa ya tafi hutunsa, har darakta. Bayan tashi daga aiki oga ya riƙe saƙonsa sai gobe, in ba rai ake ceto ba. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince da matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo a matsayin abin da ake biyan diyya a kansa. Ku tattara takardun asibiti na mambobinku ku kai wa NSITF, hukumar da ke biyan wannan diyya. Kuɗin otal ɗin bita kuwa, a sayi na'urar awon jini a ajiye a kowane sashe.