Call off da put off: 'yar kalmar da ta cinye min kuɗin mota

Yau zan fara da tona wa kaina asiri.

Bayan na gama bautar ƙasa, na nemi aiki a wata ƙungiya mai ofis a Katsina. Suka sa min ranar intabiyu. Ana gobe sai ga saƙo a waya: "The interview has been called off." Ni da digirina, idona ya faɗa kan call, na ce to, kira ne suke jaddadawa. Da asuba na ranci kuɗin mota wajen yayata, na bar Faskari, muka bi ta Sheme, Ƙanƙara, Dutsin-ma. Kun dai san hanyar nan, ba wanda ke binta sai da addu'a a baki. Na isa, maigadi ya dube ni ya ce, "Malam, ai an soke."

Call off, sokewa ke nan. Ba kira a ciki ko kaɗan.

Irin waɗannan su Turawa ke ce wa phrasal verbs, ni kuwa ina ce musu aikatau mai ɗan rakiya. Ɗan rakiyar nan, off ko up ko down, shi ke juya ma'anar gaba ɗaya. Mu ma muna da irinsu. Wanda ya san "ci" kawai, ka ce masa ci gaba, ci amana, ci bashi, ai sai ya nemi cokali.

To ga wanda ya fi rikita mu: put off. A nan mun saba jin "put off the light", don haka kwakwalwa na fassara shi da kashewa. A takardar ofis kuwa, ɗagewa yake nufi. In aka rubuto maka "The training has been put off till Thursday", horon na nan daram, ranar ce ta koma Alhamis. Ka ɗauka an soke, ka yi zamanka, wani ya hau kujerarka. Masu neman aikin wucin gadi na hukumar zaɓe ko na rigakafin shan inna, ku riƙe wannan da kyau, don saƙonninsu gajeru ne, kuma ba mai kiranka ya yi maka bayani.

Sauran da sauri. Turn up, ka halarta. Turn down, an ƙi, ko ka ƙi. Fill in, cike fom. Follow up, ka bibiya, kar ka aika takarda ka kwanta barci.

Wani zai ce haddace su zai yi, ɗari a mako. Ni ban yarda da wannan ba, na gwada, sun zube. Biyu sun isa. Yau da dare ka buɗe tsofaffin saƙonnin wayarka, na banki, na makaranta, na wurin aiki, ka nemo guda biyu. Ka ƙirƙiri jimla da kowanne a kan harkarka, ka faɗa wa abokinka da baki a majalisa. Zai yi dariya, ƙyale shi.

Kuɗin yayata kuwa, sai da na yi wata biyu kafin na biya. Mako mai zuwa za mu ɗauki lay off da take on. Sai mun haɗu.