Kalma a Takarda, Kalma a Baki



Mu ɗauki kalmar "fata". Ma'aikacin kamfanin jima a Challawa yana wuni yana sarrafa fata, yana kuma fata albashi ya zo da wuri. A rubuce kalmomin nan biyu ɗaya ne, amma a baki ta farko muryarta takan sauka a ƙarshe, ta biyu kuwa a sama take tafiya. Haka "jima" ta majema da "jima" ta daɗewa. Dalili shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, watau takarda ita kaɗai ba ta isa ta koya wa mutum lafazi ba.

To, ina mai nema zai dosa? Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Newman na 1977, dukkansu sun sa alamomin lafazi. Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. A cikin irinsu za mu tarar da lebura da walda da injin, waɗanda Bahaushe ya aro daga Turanci ya gyara su daidai da harshensa.

Amma fa harshen masana'anta ya fi abin da aka rubuta yawa. Masaƙu da dama a Bompai da Sharada sun rufe, waɗanda suka yi aiki a cikinsu kuwa suna tsufa. Sunayen da suka laƙaba wa sassan injin da matakan aiki a bakinsu suke, in sun tafi da su za su tafi.

Mu dubi mutanen Inufiyak na arewacin Alaska a Amurka. Masu jin harshensu sun ragu ƙwarai, sai wata 'yarsu, Edna MacLean, ta shafe shekaru tana tattara kalmomi daga bakin dattawa, har ƙamusunta ya fito a 2014.

Hausa ba ta cikin irin wannan haɗari, amma kalmomin sana'a suna ciki. Saboda haka muna kira ga ɗalibai, a hutun nan kowa ya nemi tsohon ma'aikaci guda, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi kalma da ma'anarta, ya ɗauki muryarsa a waya, sa'an nan ya rubuta da alamar sauti. Matambayi ba ya ɓata.