Jawabi kan ɓamɓarewar tantanin bayan ido



Kowa ya san yanar ido, wadda ke sa ƙwayar ido ta yi hwari. Amma akwai wani ciwo da ba a gani daga waje. Ido ba ya ja, ba ya zahi, amma ciwon na iya makanta mutum cikin ɗan lokaci.

Can cikin ido, ta baya, akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa. Likitoci na ce mishi retina. Shi ne ke karɓar haske ya aika ma ƙwaƙwalwa. Shina manne da bangon ido kamar yaɓe a jikin katanga. In yaɓe ya tsage, ruwan sama ya shiga bayanshi, sai ya ɓamɓare. Haka tantanin yake: in ya tsage, ruwan cikin ido na bin tsagar ya ɗaga shi.

To, ina haɗarin yake? Tantanin na samun abinci daga hanyoyin jini iri 2. Wasu na cikin jikinshi, wasu na ƙarƙashinshi, a bangon ido. Na ƙarƙashin su ne ke ciyar da sashen da ke jin haske. In tantanin ya rabu da bango, ya zama kamar shukar da anka tumɓuke. In anka maida ta ƙasa da wuri, ta kama. In ta daɗe a rana, ko an dasa, ba ta komawa yadda take.

Alamu 3 ne. Mutum ya ga walƙiya a gehen ido, ba hadari. Ko ya ga ɗigo-ɗigo baƙi masu yawa sun taso mishi kwatsam, kamar ƙudaje. Ko ya ga inuwa kamar labule tana ruhe ganinshi daga gehe guda. Wanda ya ga haka ya tahi likita a ranar, ya karɓi takardar zuwa wurin likitan ido, don ba kowace likita ke yin wannan aiki ba. Kwalli da tohi da maganin ɗigawa ba su manna tantani. Yana tana jiran a gama girbi, wannan ciwo ba ya jira.

Ya hi kama wanda ba ya gani nesa, da wanda anka buge a ido, da wanda anka taɓa yi ma aikin yana. Ciwon sukari da amosanin jini su ma suna ɓata hanyoyin jinin tantanin har su jawo shi.

A da ba shi da magani. Wani likitan ƙasar Suwis, Jules Gonin, ya gano cewa toshe tsagar ita ce magani, likitocin duniya sunka yarda da shi a 1929. Yanzu cikin mutum 10 da anka yi ma aiki, wajen 9 tantaninsu na komawa wurinshi, ko da yake wani sai an yi aikin sau 2. Ana ɗaura ma ido ɗamarar roba ta waje, ko a cika shi da iska ko wani mai na musamman, ya danne tantanin har ya kama.

Sai dai mannewa daban, gani daban. A tsakiyar tantanin akwai ɗan wuri ƙarami da ake karatu da gane huska da shi. In an yi aiki tun wurin bai ɓamɓare ba, galibi gani na tsira. In ya riga ya ɓamɓare, kowace rana asara ce. Na'urorin hoton ido na yanzu sun nuna cewa bayan aiki jini ba ya gudana sosai cikin ƙananan hanyoyin wurin. A wasu mutane gudun na ƙaruwa sannu a hankali. Gani ma haka yake dawowa, cikin watanni, wani lokaci har shekara, kuma ba kullum yake cika ba. Saboda haka kada dangi su ce aiki ya ɓaci don mutum bai gani ba bayan sati guda.

Wanda anka sa ma iska ya aje kanshi yadda likita ya ce, ko da kwanciya rub da ciki ce. Kada ya shiga jirgin sama sai iskar ta ƙare. Mai kuwa, galibi sai an sake aiki a hidda shi. In ya koma awo, ya roƙi likita ya duba ɗayan idon, don shi ma shina iya tsagewa.