Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya? Jawabi ga Dattawa da 'Yan Ikkilisiya na Anka, Gummi da Bukkuyum

Yau muna so mu yi magana a kan malaman asibiti, masu jinya da ungozomomi da ke cikinmu.

Mu tuna abin da suka gani. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Bagega. A 2017 sanƙarau ya ɓarke a jiharmu. A 2020 korona ta iso, wasu ma har gudun ma'aikatan suke yi don tsoron ɗaukar cutar. A 2021 amai da gudawa ya biyo baya, aka kuma rufe layukan waya saboda 'yan bindiga. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa, amma gajiyar waɗannan bayin Allah ba ta ƙare ranar ba.

Wanda ya yi shekaru yana kwana a tsaye, yana ganin yara suna mutuwa a hannunsa, jikinsa da zuciyarsa sukan jikkata. Alamun su ne rashin barci, mugayen mafarkai, saurin fushi, hawan jini, ƙin shiga mutane, wani kuma ya koma ga kwalba ko ƙwaya. Sau da yawa mukan ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. 'Yan'uwa, wannan ciwo ne, kuma yana da magani.

Ku karanta 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasara a Dutsen Karmel, annabi Iliya ya gudu jeji, har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi magana da shi. A Markus sura 6 ma Yesu ya janye almajiransa su huta, domin ko damar cin abinci ba su samu ba.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, dattawa, kada mu ɗora wa wanda ya kwana a asibiti nauyin kwamiti uku, kada kuma mu tuhume shi idan bai zo sujada ba.

Na biyu, zumuntar mata da matasa su riƙa ziyara, su taimaka da girki, yara da aikin gona.

Na uku, mu saurare su, mu riƙe asirinsu. Abin da aka faɗa wa fasto kada ya zama labarin kasuwa.

Na huɗu, idan wani ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai. Mu yi addu'a, mu kuma raka shi wurin likita, a Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato. Ba abin kunya ba ne.

Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, masu aikin asibiti ma kaɗan ne. Idan ɗaya ya kwanta ko ya bar aiki, ƙauyuka da yawa za su rasa mai duba su. Abokan aikinsu Musulmi ma wahala ɗaya suka sha, sai mu gaishe su, mu sa su cikin addu'a.

Ubangiji ya sabunta ƙarfinsu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.